SHAIDAR KABARI A ƘASAR IKARA, MAƘARFI DA KUDAN

Duk baƙon da ya shiga tsofaffin maƙabartu na ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan yana neman duwatsu masu sassaƙa, irin waɗanda ake gani a hotunan maƙabartun Turai ko na ƙasar Turkiyya, zai fito hannu rabbana. Abin da zai tarar shi ne fili mai ƙananan tuddai jere da juna, da ɓaraguzan tukwane, da ɗan dutse nan da can, da manyan itatuwa waɗanda ba a sara. Mai gaggawar yanke hukunci sai ya ce mutanen wannan yanki ba su bar wata alama a kan mamatansu ba, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Alamu suna nan, sai dai an yi su ne da ƙasa da itace da tukunya, aka ajiye fassararsu a kawunan dattawa. To, ga shi dattawan nan suna ta ƙarewa, ga kuma gonaki da gine-gine suna matso wa maƙabartun. Saboda haka ya kamata ɗalibai da ma'aikatan hukuma su san yadda ake karanta waɗannan alamu tun da sauran masu iya fassara su.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna arewacin Jihar Kaduna ne, cikin masarautar Zazzau, kusa da iyakar Jihar Kano. Sa'ad da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 duk a ƙarƙashin Ikara suke, daga baya ne aka fitar da Maƙarfi, sa'an nan aka fitar da Kudan wadda hedkwatarta ke Hunkuyi. Ƙasa ce ta noman rake da masara da dawa da tumatir, mai tsofaffin garuruwa irin su Paki da Likoro da Kudan da Hunkuyi. Akasarin jama'arta Musulmi ne, Hausawa da Fulani, amma akwai unguwannin Maguzawa da na Hausawa Kirista a ƙauyuka da dama. Kowane ɓangare yana da tasa hanyar shaida kabari.

DALILIN RASHIN SASSAƘA

Da farko dai ya kamata a kawar da zaton cewa rashin dutse ko rashin gwaninta ne ya hana sassaƙa. Ƙasar Zazzau cike take da duwatsu, kuma tun kaka da kakanni ake fafe dutsen niƙa a cikinta. Ƙasar da ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Jumma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ba za a ce ta rasa masu hannu ba. Maginan da ke zana dagi a jikin soro, da alarammomin da ke ƙawata allo da zayyana ranar saukar karatu, da sun so rubuta suna a kan dutse da ba zai gagare su ba. Barin abin aka yi da gangan, domin bin abin da malamai suka karantar.

Tushen hukuncin yana cikin hadisai. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ko a zauna a kansa, ko a yi gini a bisansa. A ruwayar Tirmizi an ƙara da hana rubutu a kansa. Har ila yau Muslim ya ruwaito yadda Sayyidina Aliyu ya aiki Abul Hayyaj da umurnin ya daidaita duk kabarin da aka ɗaga fiye da kima. Amma a ɗaya gefen, Abu Dawuda ya ruwaito cewa sa'ad da aka binne Usman ɗan Maz'un a Madina, Annabi da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa, domin ya riƙa gane kabarin, ya kuma binne waɗanda suka rasu daga iyalinsa kusa da shi. Watau an yarda a sa shaida, ado da alfahari ne aka hana.

A kan wannan ma'auni littattafan mazhabar Malikiyya suka tafi, su ne kuwa ake karantawa a zaurukan malaman Zazzau. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi. Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya halatta a sa dutse ko itace domin bambance kabari, da sharaɗin kada a yi masa zane. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a cikin littafinsa Ihya'us Sunna, ya keɓe babi a kan jana'iza da kaburbura inda ya ja kunnen jama'a game da bidi'o'in da ake yi a wurin. Bayan da tutar jihadi ta iso Zazzau a hannun Malam Musa a 1808, wannan karantarwa ta ƙara samun gindin zama a birni da ƙauye. Gaskiya ne an yi gini a kan kaburburan waɗansu manya, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, kuma malamai sun daɗe suna tattaunawa a kan haka. Amma ga sauran jama'a, attajiri da matalauci, hakimi da talakansa, tudun ƙasa iri ɗaya ake yi musu. Wannan daidaito shi ne ma'ana ta farko da maƙabartar Musulmi ke isarwa ga mai ziyara.

YADDA AKE KARANTA KABARI

Alama ta farko ita ce fuskar da kabari ya dosa. Ana kwantar da mamaci Musulmi ne a kan gefensa na dama, fuskarsa na duban alƙibla. Tun da yake daga ƙasar Zazzau alƙibla tana gabas ne, ta ɗan karkata arewa, sai tsawon kabari ya miƙe daga kudu zuwa arewa, kai a kudu, ƙafafu a arewa. Masu lissafin taswira sun nuna cewa daga Zariya alƙibla tana wajen digiri 67 ne daga arewa. Saboda haka idan aka tarar da jerin tuddai a wani tsohon kufai duk sun miƙe kudu da arewa, to alama ce mai ƙarfi cewa Musulmi ne suka zauna a wurin. A tsohuwar al'adar Kirista kuwa, kabari yakan miƙe ne daga yamma zuwa gabas, kai a yamma, da nufin mamaci ya tashi yana fuskantar gabas ranar tashin matattu. Ta wannan bambanci kaɗai mai lura zai iya raba maƙabartu biyu ko da babu harafi ɗaya a cikinsu.

Alama ta biyu ita ce tsawon tudun. Da kara ko igiya akan auna gawa kafin a fara haƙa, don haka tsawon kabari yana bin tsawon mai shi. Gajerun tuddai na yara ne. Inda aka ga sun yi yawa a jere, kuma bisa ga dukkan alamu a lokaci guda aka yi su, to akwai tambayar da ya kamata a yi wa tsofaffin garin, domin sau da yawa irin wannan jeri shaidar shekarar annoba ce, ko ta ƙyanda, ko ta sanƙarau, ko ta agana kafin a kawar da ita daga duniya. Ɗalibin kiwon lafiya da ɗalibin tarihi duk suna da abin koyo a nan.

Alama ta uku ita ce siffar tudun da tsayinsa. Littattafan fiƙihu sun so a ɗaga kabari kamar taƙi guda, a yi masa doro kamar tozon raƙumi, sa'an nan a yayyafa masa ruwa domin ƙasar ta kama. Manufar ita ce mai wucewa ya gane kabari ne, kada ya taka, ba tare da an mai da shi abin kallo ba. Da shekaru suka tura, ruwan sama yakan zaizaye doron, itacen da ke ciki ya ruɓe, tsakiyar ta lotsa. Kabarin da ya koma ɗan kwari maimakon tudu ya daɗe ke nan, kuma shi ne ya fi shiga hatsarin a nome shi bisa rashin sani.

Alama ta huɗu ita ce tukunya. A ƙasar Hausa akan haƙa babban rami, sa'an nan a haƙa wani ƙarami a cikinsa daidai jikin mamaci. Bayan an sa shi, sai a rufe bakin ƙaramin ramin da gungumen itace ko da tukwanen da aka raba biyu, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kana a tura busasshiya. Hikimar ita ce kada ƙasa ta faɗa kai tsaye a kan gawa, kada kuma namun daji su tone. Baƙi da yawa sukan ga tsingaro a maƙabarta su ɗauka kayan tsafi ne, alhali rufi ne kawai. Amfaninsa ga mai bincike kuwa babba ne, domin itace yana ruɓewa, gara tana cinye shi, amma gasasshen yumɓu yakan yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa. Manomin da garmarsa ta fara tono manyan ɓaraguzan tukwane a jere, ya kamata ya dakata ya sanar da mai unguwa.

Alama ta biyar ita ce shaidar da dangi ke sawa da hannunsu, watau dutse ko guntun marmara wajen kai, wani lokaci da wani wajen ƙafa, ko turken itace, ko wuyan tulu, ko tsohon kwano. Waɗannan ba su da wata fassara ta bai ɗaya wadda kowa ya sani. Ma'anarsu tana wurin wanda ya ajiye su, shi ne zai ce dutsen nan baƙi na mahaifinsa ne, mai wuyan tulun kuma na kakarsa. Akan kuma ga an kafa ɗanyen reshe a kan sabon kabari, abin da waɗansu ke dangantawa da hadisin Ibn Abbas da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi ya tsaga ɗanyen reshen dabino biyu ya kafa a kan waɗansu kaburbura biyu, ko da yake malamai sun saɓa a kan ko wannan ya keɓanta da shi ne.

Alama ta shida ita ce itatuwa. Ba a cika saran itacen maƙabarta ba, don haka sau da yawa kurmin da ya rage a gefen gari shi ne maƙabartarsa. Irin itacen ma yana ba da labari. Masu binciken tarihin ƙasa sun daɗe da sanin cewa taron manyan kukoki a daji alamar tsohon mazauni ne. Darbejiya kuwa, wadda ake kira dogon yaro, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno kafin ta bazu. Maƙabartar da ke ƙarƙashin tsofaffin kukoki da tsamiya ta girmi wadda darbejiya kaɗai ta yi wa inuwa.

KAFIN MUSULUNCI YA KAFU

Wannan sauƙin kabari ba shi ne al'adar ƙasar Hausa tun fil azal ba. Shaida tana Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, wurin da sunansa ma daga kushewa ya samo asali. A can akwai manyan tuddai waɗanda ake dangantawa da sarakunan farko na ƙasar Katsina. Baturen mulki H. R. Palmer ya tona waɗansu a 1907, aka sake tona waɗansu a 1992 tare da masana daga Jamus. An sami mamatan tare da mundaye na hauren giwa, da duwatsun ado, da wuri, da kayan zinariya, da tasoshin ƙarfe waɗanda aka kawo daga ƙasashen Gabas ta hanyar fataucin Sahara. Bincike ya nuna an yi kaburburan ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16. A wancan zamani girman tudu da yawan dukiyar da aka binne su ne ke nuna matsayin mutum. Idan aka gwada wannan da kabarin basarake na yau, wanda ba ya tafiya da kome sai likkafani, za a ga irin canjin da addini ya kawo a tunanin jama'a game da mutuwa.

Maguzawan da ke zaune a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan su ne suka fi daɗewa riƙe da al'adun gargajiya, ko da yake da yawansu sun musulunta, waɗansu kuma sun shiga addinin Kirista. Tsofaffin kusheyinsu suna warwatse ne a kufai da gefen gonaki, ba su da katanga, ba su da rajista. Su ne suka fi kowane irin kabari saurin ɓacewa, kuma tsofaffin da suka san yadda ake yin su da abin da ake nufi da kowane mataki sun yi ƙaranci ƙwarai.

INDA MUSULMI SUKA SASSAƘA DUTSE

Domin a fahimci cewa zaɓi ne mutanen Zazzau suka yi, yana da kyau a dubi waɗansu ƙasashen Musulmi da suka bi wata hanyar dabam. A 1939 aka gano waɗansu duwatsun kabari a Sane, kusa da birnin Gao na ƙasar Mali ta yanzu. Waɗansunsu an yi su ne da wani farin dutse mai sulɓi, kuma masana sun tabbatar a birnin Almeriya na Andalus, cikin ƙasar Sifen ta yau, aka sassaƙa su, aka ɗauko su a raƙuma aka ƙetaro Sahara da su. Ɗaya daga ciki na wani sarki ne da ya rasu a shekara ta 494 bayan Hijira, watau 1100. Babu hoton mutum ko na dabba a jikinsu. Abin da ke kai shi ne bisimilla, da ayoyin da ke tunatar da mutuwa, da sunan mamaci, da ranar rasuwarsa, cikin rubutun Kufi. Masanin tarihi P. F. de Moraes Farias ya tattara waɗannan rubuce-rubuce da na Essuk ya buga su a 2003, kuma ta dalilinsu aka san sunayen sarakuna da sarauniyoyin da littattafan tarihin Timbuktu ba su ambata ba.

A daular Usmaniyya ta Turkiyya kuwa, dutsen kabarin namiji akan sassaƙa masa rawani a kai, kuma irin naɗin yana nuna ko malami ne, ko soja, ko ma'aikacin fada, ko ɗan wata ɗariƙa. Bayan da Sarki Mahmud na Biyu ya sa ma'aikatansa su koma sa jar dara a 1829, sai dara ta maye gurbin rawani a duwatsun. Na mata kuma furanni akan zana musu. Ribar da waɗannan ƙasashe suka samu ita ce tarihi ya tsaya a rubuce. Abin da malaman Malikiyya suka guje wa kuwa shi ne a shigo da bambancin muƙami cikin maƙabarta, wurin da ya kamata kowa ya zama ɗaya.

GICCIYE A GIMI DA WUSASA

Sassaƙaƙƙen dutse da rubutun boko a kan kabari sun shigo ƙasar Zazzau ne tare da Turawan mulki da 'yan mishan. Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya zauna cikin birnin Zariya tun daga 1905. A 1913 ya haɗu da mutanen da ake kira Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda wa'azinsa game da Annabi Isa. Waɗansu daga cikinsu suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Maƙarfi ta yanzu, ba nisa da hanyar jirgin ƙasan da ta isa Kano a 1911. Wani limamin Kirista baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya, W. A. Thompson, shi ya jagoranci zaman. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya auka wa ƙauyen ya hallaka mutane da dama, sauran suka watse. Daga baya mishan ta tashi daga birni ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar Saint Bartholomew a 1929 da tubali da azara irin na ginin Hausa.

Hausawa Kirista na wannan yanki sukan shaida kabari da gicciye na itace ko na ƙarfe, masu hali kuma su zuba siminti su rubuta suna da shekarar haihuwa da ta rasuwa tun bai bushe ba, wani lokaci da lambar wata aya ta Littafi Mai Tsarki. Gicciyen da ba shi da siffar mutum a jikinsa, wanda shi ne 'yan Angalika da sauran majami'un da ba na Katolika ba suka fi amfani da shi, yana nuni ne ga imaninsu da tashin Almasihu.

A maƙabartun Turawa irin na Zariya da Kaduna da Zungeru da Lakwaja ne ɗalibi zai ga sauran alamun da aka zo da su daga Ingila, kuma kowace da abin da take nufi a al'adarsu. Anga, watau ƙugiyar ƙarfen da ke tsai da jirgin ruwa, tana nufin sa rai da dogara, wani lokaci kuma tana nuna mamacin ma'aikacin jirgin ruwa ne. Ginshiƙin da aka sassaƙa shi a karye yana nufin rayuwar da ta yanke tun da ƙuruciya. Ɗan rago na kabarin yaro ne, kurciya alamar salama ce, hannuwa biyu da suka riƙe juna kuma ban kwana ne tsakanin miji da mata. Haruffan R.I.P. taƙaitawa ce ta wata addu'a da harshen Latin mai roƙa wa mamaci hutawa cikin salama, I.H.S. kuwa haruffan farko ne na sunan Yesu da harshen Girka.

Kaburburan soja suna da nasu tsari. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, ta tsara dutse iri ɗaya ga hafsa da farabiti, mai ɗauke da tambarin runduna, da lamba, da muƙami, da suna, da ranar mutuwa, da alamar addini. Tambarin rundunar Afirka ta Yamma, wadda dubban samarin Arewa suka yi yaƙin Barma a cikinta, itacen kwakwa ne. Sai dai wani rahoto da hukumar da kanta ta fitar a watan Afrilu na 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya bar rubutu saboda bin addininsa da wanda aka ƙi rubuta sunansa saboda raini.

ABIN DA KE SALWANTA

Tsarin da ya dogara ga ƙwaƙwalwar mutane yana aiki ne muddin mutanen suna zaune wuri ɗaya, jika yana bin kakansa ziyara ana nuna masa. Inda aka riƙe wannan amana abin yakan daɗe. A Turunku har yanzu ana nuna kabarin da ake dangantawa da Bakwa Turunku. A Lakwaja ana nuna na Sarkin Zazzau Kwasau da na Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, da na Sarkin Kano Alu wanda ya rasu a 1926, waɗanda duk Turawa suka tuɓe suka kai su can. Amma waɗannan sarakuna ne, tarihi ya riƙe sunayensu. Limamin da ya kafa masallacin wani ƙauye, da maƙerin da zuriyarsa ta cika unguwa, da ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, ba su da mai riƙe nasu sai tsoho ɗaya ko biyu. Ranar da aka binne tsohon nan, an binne taswirar maƙabartar tare da shi.

Daɗin daɗawa ga matsin ƙasa. Jama'a ta ƙaru, garuruwa sun faɗaɗa, rake da masara suna kawo kuɗi, kuma maƙabartar da ba ta da shinge kullum kunyar gona tana cin gefenta taƙi bayan taƙi. Zaizayar ruwa da dabbobin kiwo suna ƙarasa abin da ya rage. Alhali kuwa a fiƙihun Malikiyya kabari hubusi ne ga mai shi, ba a tafiya a kansa, ba a tone shi muddin akwai sauran gawar a ciki. Rigingimu a kan iyakar maƙabarta da gona suna da wuyar warwarewa a gaban alƙali, domin ba takarda, shaidun kuma sun riga mu gidan gaskiya.

A 'yan shekarun nan an ga wata sabuwar al'ada ta taso daga birane tana shiga ƙauyuka, watau kafa ɗan allon ƙarfe mai suna da ranar rasuwa da addu'ar Allah ya jiƙan mamaci. Malamai sun rabu a kai, waɗansu suna ganin ya shiga cikin rubutun da aka hana, waɗansu suna ganin buƙatar ganewa ta halatta shi. Ko an bar maganar hukunci ma, allon ba ya daɗewa. Fenti yana goguwa cikin damina kaɗan, tsatsa tana cin ƙarfen, ɓata-gari masu tsintar ƙarafa kuma sukan tumɓuke shi su sayar.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Maganin wannan al'amari ba ya buƙatar a saɓa wa malamai, domin abin da aka hana rubutawa a kan kabari ba a hana rubuta shi a littafi ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kafa maƙabartu da kula da su, da kuma rajistar haihuwa da mutuwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba su ikon ba da izinin mallakar filaye a karkara. Saboda haka hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan suna da hurumin da za su auna kowace maƙabarta, tsohuwa da sabuwa, ta Musulmi da ta Kirista da ta Maguzawa, su kafa mata duwatsun iyaka, su shigar da ita cikin taswira, tare da shawarar hakimai da dagatai da limamai. Inda kuɗin katanga ya gagara, shingen itatuwa masu rai ya wadatar.

Bayan haka kowace maƙabarta tana buƙatar littafi a hannun kwamitinta, wanda za a raba filin layi layi a cikinsa, a riƙa rubuta sunan wanda aka binne da ranar da kuma wurin. Ga tsofaffin kaburbura kuwa, aikin ɗalibai ne. Ɗaliban tarihi da na binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, da na manyan makarantun sakandare na yankin, za su iya amfani da lokacin hutu su zauna da masu haƙar kabari da tsofaffin unguwa, su zagaya tare cikin ladabi da kiyaye dokokin ziyara, su rubuta abin da aka nuna musu. Kwafe ɗaya ya zauna wurin hakimi, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya a Gidan Arewa da ke Kaduna. Idan kuma aka ci karo da wani tudu ko kayan da ake zaton na zamanin da ne, kada a tona, sai a sanar da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa wadda doka ta 77 ta 1979 ta kafa.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsofaffin da suka san wane ne ke kwance a ƙarƙashin wane dutse suna nan a Paki da Gimi da Likoro da sauran garuruwa, kuma ba su ƙi a tambaye su ba. Abin da ya rage shi ne a je musu da takarda da alƙalami tun suna iya takawa zuwa bayan gari su nuna da sandarsu.